Kan Barewar da Ake Kawo wa Babana

Zuwa ga Alhaji Sule, Shugaban Kwamitin Farauta da Rabon Nama na ƙungiyarmu ta Greensboro.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina gaida Hajiya da yara da sauran 'yan kwamiti. Ni ce Rabi, 'yar Malam Isuhu na Glenwood. Ƙararku na kawo, Kawu, kuma a gaban jama'a, domin duk lokacin da na ɗauko maganar a waya sai ku yi dariya, ku ce zaman Amurka ya mayar da ni matsoraciya. To, na ji na karɓa, amma a saurari matsoraciyar.

Na farko, godiya. Duk kaka kuna tafiya McLeansville, gonar Baturen da ya yarje muku farautar barewa, ku sha sanyi, ku yanka da bisimilla, ku zagaya gida gida da nama. Ɗalibai nawa ne a unguwarmu da ba su san daɗin miya ba sai ranar da motarku ta tsaya? Kai da ƙafa kuwa na Baba ne, don shi ne dattijon ƙungiya. Sai kun ga yadda yake sa babbar riga tun safe yana leƙen taga. Da kansa yake babbakewa a bayan gida, bai yarda kowa ya sa hannu ba, ƙwaƙwalwar kuma ko jikokinsa ba ya ɗanɗana wa.

Na biyu, akwai cutar da ke kama barewa, wadda ake kira CWD, kuma ta ɓulla a wannan jiha tamu. Tana cin ƙwaƙwalwar dabba, ta rame, ta riƙa dalalar da yawu har ta mutu. Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne barewa kan daɗe ɗauke da ita tana tsalle-tsallenta, ƙiba har wuya. Kun ce idonku ya san lafiyayyar dabba. Ban musa ba a kan rago da akuya, amma wannan ba a ganinta da ido. Kun ce wuta na kashe komai. Wannan ko an kwana ana tafasawa tana nan. Gaskiya ne ba a tabbatar ta kama mutum ba, ba zan ƙara gishiri ba. Sai dai ma'aikatan lafiya sun ce kada a ci naman wadda ta kamu, kuma a guji ƙwaƙwalwa da lakar gadon baya da idanu. Wato daidai abin da ke cikin kwanon ubana.

Na uku, a nan matsalar take. Hukumar kula da namun daji tana gwaji, kuma daga kai da wuya ake ɗibar abin da za a gwada. Maƙwabtanmu mafarauta kan barewar suke miƙawa su tafi da tsoka. Mu kuwa kan ne abin girmamawa, shi ya sa har yau ba a taɓa gwada barewarmu ko ɗaya ba. Mun yi farfesunsa da yaji.

A watan Nuwamban bara na lallaɓa na yi wa Baba bayani. Ya ce yana cin kai tun ba a haifi uwata ba, ya ɗauki kwanonsa ya shige ɗaki, ya daina amsa gaisuwata har aka yi Juma'a. Wallahi na yi kuka, amma ban ga laifinsa ba. Mutum ne da can gida ƙasarmu ake cire takalmi kafin a gaishe shi. A nan yini yake a falo, jikoki na amsa masa da Turanci. Wannan kan ne kaɗai ke gaya masa har yanzu shi babba ne.

Ga roƙona, kuma gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba. A kai kan kowace barewa gwaji, a ajiye naman kowace daban a firiza har sakamako ya fito, sannan a raba. Masu fiɗa su sa safar hannu, su bar sara ƙashin baya. Kan barewa kuma a cire shi daga rabo gaba ɗaya.

Sai roƙo mafi girma. Don Allah kada a yanke wa Baba kasonsa shiru, zai ɗauka an sauke shi ne, kuma ba zai tambaya ba. Ku zo da kanku, ku da dattawa, ku zauna ku faɗa masa, ku miƙa masa cinya a gaban mutane, ku ce daga yau ita ce rabon babba. Naku zai ji, nawa ba zai ji ba.

Kaka ta kusa, Kawu. In kan ya sake zuwa ƙofarmu ba zai shiga ba, ni zan tare shi. Kada ku bari in zama 'yar da ta mayar da girman ubanta daga bakin ƙofa yana kallo.

Allah ya ƙara muku lafiya da nisan kwana, ya tsare ku a daji, ya sa hidimar nan a mizani.

Wassalam.

'Yarku,
Rabi Isuhu