Kankanar da Aka Fasa Ba Na Nan

Mitsue, matata,

Ina gaisuwa. Ya yara, ya ƙafar Mama? Ni lafiya lau nake a Jakarta. Abincin kanti ne kullum, amma na saba.

Na ga bidiyon zagayenku a gandayen dajin Hokkaido. Ƙanena Tatsuro ya kyauta: motata, tantina, har hulata ya ɗora!

Sai wasan fasa kankana. Bara da aka ɗaure wa 'yarmu Kanna ido aka ba ta sanda ta nemo kankanar, muryata kaɗai take bi. Bana kowa na ihu, amma Tatsuro na cewa, "Yi dama, 'yata, buga!" ta juya.

Ki yi masa godiya dai.

Zan kira ranar Lahadi. Kada ki faɗa wa Kanna ko wane ne, ki miƙa mata wayar kawai.

Mijinki,
Noboru