Garin da Ake Taka Matattu

Unguwar Kudai, Makka, daren Laraba, Safar 1385

Sale ɗan maƙwabcinmu ya ci tuwo da mu. Tun da ya samu aiki a jirgin ruwan mutanen Holan a Jidda, bakinsa ba ya rufuwa. Yau labarin wani tsohon gari na ƙasar Holan ya kawo, Delft. Wai ruwa ke bin tsakiyar tituna, baƙi na shiga kwalekwale don kallon gidaje kawai. Akwai hasumiyar coci da ta karkace kamar za ta faɗa ruwa, a ciki kuma kaburbura ne daɓen, 'yan kallo na takawa da takalma.

Na ce, "A'uzubillahi, garin da ake taka matattu?"

Ɗana Hamisu, mai wuni da garewani a kafaɗa yana tallar ruwa, ko kallona bai yi ba. Ya ce, "Abuya, ruwa fa a titi."

Hamisu ba shi da iƙama, takardar izinin zama. In ya bi Sale ya fita ƙasar, shi da Makka sai labari.

Ɗazu na leƙa zaure, babu garewaninsa. Uwarsa ta ce ai ya kyautar da su tun da la'asar, kafin Sale ya zo.