Matata Ta Tace Ots, Kuka Ce Ita Ce Jahila

Zuwa ga Shugaban Sashen Masu Ciwon Sukari,
na asibitin kuɗin nan da ba zan kama sunansa ba,
Funtua.

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Bayan gaisuwa, da fatan Likita yana lafiya, shi da iyali da ma'aikatansa masu fararen riguna da dogon Turanci. Ni manomi ne daga wani ƙauye a gefen Malumfashi. Shekarata shida da ciwon sukari, ga kitse an ce ya yi mini yawa a jini, ina cikin masu cika muku benci duk ranar Talata. A fili na rubuto, domin a fili aka ci mutuncin matata Hajiya Rabi a rumfarku, kuma a fili nake so a wanke ta.

Na ɗaya. Bayan Babbar Sallah jami'arku mai ba da shawara kan abinci ta tara mu. Ta ce mu rabu da tuwon dawa da na masara, mu koma wa wani hatsin Turawa da ake kira ots, na cikin gwangwani. Ta ɗaga takarda ta yi ta zabga mana sunayen sinadaran da ke cikinsa, beta-gulukan da wani dogo da ita kanta sai da ta yi tuntuɓe a kansa. Mu kuwa muna ta gyaɗa kai kamar ƙadangaru. Wani dattijo ya tambayi yadda ake dafa shi. Ta duba agogo, ta ce ai kamar koko ne kawai. Kamar koko! Iyakar darasin da aka ba mu ke nan, Likita, sauran duk burga ce.

Na biyu. In ka ce wa Bahaushiya koko, ka gama mata bayani. Za ta jiƙa, ta markaɗa, ta tace, ta bar gasara ta kwanta, ta tsiyaye ruwan sama. Hajiya Rabi ta fi shekara talatin tana yin haka, unguwa kaf ta san kokonta. Ots ɗin ya ba ta wuya, don yauƙi gare shi kamar kuɓewa, ita kuwa a gidan da ta tashi koko mai yauƙi abin kunya ne, aikin ƙazamar mace. Sai ta dage. Ta riƙa sake ruwa har sau uku, sai yauƙin ya fita tas, dusar ta zuba wa tumaki. Sukari dai ba ta taɓa sa mini ba, wannan ta san shi. Wata uku ina shan farar gasara safe da yamma, na yi wa tuwona kallon hadarin kaji, ina jin kaina wani ɗan birni. Ido ya fara yi mini hazo. Ɗan ciwon da fartanya ta ji mini a babban yatsan ƙafa ya ƙi warkewa, ya soma ruwa.

Na uku. Da muka dawo aka auna, sukari ya hau inda bai taɓa hawa ba. Jami'ar ta tambayi Hajiya yadda take dama abin. Baiwar Allah ta zayyana mata komai da fara'a, tana zaton yabo za ta samu. Sai matar nan ta fashe da dariya, ta yafito abokiyar aikinta ta zo ta ji abin mamaki. Gaban maza fiye da benci biyu ta ce Hajiya ta zubar da magani ta ɗura wa mijinta guba, ƙauyanci ne zai sa ta zama gwauruwa. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi! Kuma duk da wannan cin fuska ba ta faɗi abin da aka zubar ba, balle dalilinsa. Ina zargin ita ma ba ta sani ba, haddar takarda ta yi.

Na huɗu. Wadda ta warware mana ita ce maƙwabciyarmu Malama Saratu, tsohuwar nas da ta yi ritaya tun yaran sashenku suna goye. Tana ɓarar wake ta yi bayanin, ba ta ko miƙe ba. Ta ce yauƙin nan shi ne beta-gulukan ɗin da ake ta yi mana kuri da shi. In ya shiga ciki yana yin kauri, sai ya rage wa sukari gudun shiga jini, ya kuma taimaka wajen rage mugun kitsen nan. Yawancinsa yana jikin dusar, tare da wasu sinadaran da ake cewa suna kare jijiyoyin jini. Wanda ya tace ya tsiyaye, tsurar gasara ya bar wa kansa. Ta ce a tafasa ots ɗin yadda yake, a sha kaɗan, kuma ba ya maye gurbin ƙwayar magani. Ta ƙara da cewa dawar da ba a surfa ba, da wake, da ita kanta kuɓewa, ba abin raini ba ne in an ci daidai gwargwado. Ashe kalma ɗaya ce ta gagari sashe guda mai fanka da kwamfuta: yauƙi. Tir da ilimin da ba zai iya sauka ya ce yauƙi ba!

Likita, ba don yatsa na rubuto ba, yatsa ya fara bushewa, alhamdu lillahi. Tun ranar nan Hajiya Rabi ba ta sake ɗora mini tukunya ba. Daga ɗakin surukarmu ake kawo mini abinci. In na yi magana sai Hajiya ta ce likitoci sun shaida hannunta bai dace da ni ba, ta sunkuyar da kai. Na rantse mata, Malama Saratu ta rantse mata, ta ce mu ba mu ne masu farar riga ba.

Don haka ga buƙatuna. Duk wanda zai tsaya gaban manoma ya yi maganar abinci, ya fara shiga madafi ya ga yadda ake dama koko. A daina ce wa mutane kamar koko. A ce kar a tace, kar a tsiyaye, yauƙin ake nema. Sannan ranar Talata mai zuwa zan kawo Hajiya, in ta yarda ta biyo ni. Jami'ar nan ta tsaya a rumfar da ta yi dariya, sanye da rigar da ta yi dariya a cikinta, ta faɗa da Hausa cewa laifin na mai bayani ne. Ba sai ta durƙusa ba, ba na neman abin da ya fi ƙarfin tarbiyyarta. Mako bakwai ke nan ban ci girkin matata ba, kuma shi nake so in ci kafin in mutu.

Allah Ya ƙara wa Likita lafiya, Ya ba ma'aikatansa ilimi mai amfani da kunyar da za ta riƙe shi, Ya raba iyayensu mata da irin ranar da suka nuna wa matata.

Wassalam.

Malam Garba manomi,
daga gefen Malumfashi.