Ranar da Tururuwata Suka Mutu

Daren Laraba, Birnin Kudu

Tururuwata sun mutu. Na dawo daga makaranta da la'asar, tun daga zaure na ji warin fiya-fiya. Inna ce ta fesa. Jiya ta zo daga Gwaram ganin likitan ido, sauro ya hana ta barci, shi ne yau ta bi ɗakuna da magani, har da wanda nake ajiye kwalbar tururuwar.

Ta tare ni da fara'a ta ce, "Auta, na tarar ƙwari sun cika maka wata kwalba, na yi maganinsu."

Na ce, "Sannu da aiki, Inna." To me zan ce? A ganinta taimakona ta yi.

Shekara uku ke nan da na tsinci sarauniyarsu a bakin gona a Basirka, washegarin ruwan farko, ta riga ta zubar da fukafukanta. A idona ta saka ƙwanta na farko, 'ya'yanta suka haƙa hanyoyi cikin yashi, ina ba su gero da ruwan sukari. Malamai abokan aikina suna yi mini dariya, ban taɓa damuwa ba.

Ɗazu na zazzage yashin a faranti, na sami sarauniyar can ƙasa a dunƙule. Na taɓa ta da tsinke, ba ta motsa ba.

Maiɗakina ta ce in kama wata idan damina ta zo. Ba na jin zan iya sake farawa. Na kasa jefa ta a shara, sai na naɗe ta a takarda na sa a aljihu, kuma ban san abin da zan yi da ita ba.