Minti Bakwai na Magriet

Litinin, 7 ga Janairu

Na hau hasumiyar coci na wana agogo. Matakala sittin da uku ce, amma gwiwar hagu ta rantse an ƙara goma. Murɗawa ɗari da arba'in kafin nauyin da ke jan agogon ya kai sama. Na ɗiga mai, na kori tantabaru biyu da suka mai da bayan ƙararrawa ɗakin amarya. Daga tagar sama garin ya yi lamo cikin zafi, ruwa na sheƙi a magudana. Shekara talatin da takwas ina wannan hawa, ban taɓa saukowa da ɓacin rai ba.

Agogo lafiya lau. Yana baya da minti bakwai, yadda na bar shi.

Alhamis, 10 ga Janairu

Rigima da sassafe. Lokacin ban ruwan lambun maƙwabcina Faan daga shida ne zuwa bakwai, daga nan sai gidan da ke ƙasa da shi, wanda Thandeka ta saya, wata nas da ta yi ritaya a Cape Town. Tun kakanni da ƙararrawa ake ɗaga marfin magudana, da ita ake saukewa. Ita kuwa ta duba waya, ta ga bakwai, ta karkatar da ruwa abinta. Layin ɓauren Faan na ƙarshe ko ɗigo bai samu ba.

Ya fito daga shi sai singileti. "Baiwar Allah, kin ji ƙararrawa? Ko a birni da ido kuke ji?"

"Oom Faan," in ji ta, yadda ake kiran kowane dattijo a nan, "bakwai ta yi. Hasumiyarku ce ke barci."

"Hasumiyar nan ta girmi kakarki!"

"Shi ya sa take gyangyaɗi."

Na yi dariya a bayan shinge har kofi ya sarƙe ni. Da na koma ɗaki dariyar ta tsaya.

Lahadi, 13 ga Janairu

Bayan sujada fasto ya ja ni gefe, yana ta murza hannu. Wai Thandeka ta rubuta wa kwamitin coci. "Oom Krisjan, ba mai son ɓata maka rai. Amma ko dai agogon ya daidaita kafin Lahadin farko ta Fabrairu, ko mu sa masa injin lantarki, ka huta."

In huta. Injin yana nufin a cire lilon agogo a jingine a bango, a karɓe mabuɗi, a bar wa tantabaru wurin. Na ce na ji. Yaron kirki ne, ni na riƙe masa tsani ranar da ya ɗauko ƙwallonsa a kan rufin cocin nan.

Bari in rubuta a nan, tunda ba mai karantawa. Minti bakwai ɗin na Magriet ne. Shekarar da aka ba ni mabuɗi, kowace Lahadi sai an fara waƙar farko matata take shigowa, hula a karkace, matan layin gaba su juyo su bi ta da harara har ta zauna. Abin ya yi ta ci mini rai. Na auna makonni uku, kullum bakwai ne cif. Wata Litinin na kama lilon da hannu, na ƙirga minti bakwai, na sake shi. Daga ranar ba ta sake makara ba, ban kuma faɗa wa kowa ba.

Shekara huɗu ke nan da rasuwarta. Na sha hawa da niyyar gyarawa, sai in ɗiga mai in sauko.

Talata, 15 ga Janairu

Ɓaure ya nuna. Na ci tara a tsaye, tsuntsaye na zagina.

Litinin, 21 ga Janairu

Na tarar da Thandeka a ƙofar hasumiya da takalmin roba, wai tana son ganin abin da ta kai ƙara. Na so in ce a'a, bakina ya ce to. Ta riga ni kaiwa sama, ba ko haki, abin haushi.

Ta daɗe tana karanta sunayen da ke bango, masu wana agogo biyar kafin ni, kowa da fensirinsa. Sai ta ce, "Oom, ba tura hannun gaba kawai za ka yi ba?" Na ce Allah ya kiyaye. Ba a tura wa tsohon agogo hannu, haƙora ake karya masa. Na nuna mata gwangwanin tsofaffin kwabbai da na gada. Ka ɗora ɗaya a kan ɗan farantin da ke jikin lilon, agogo ya riƙa ƙara minti guda kowace rana, shi da kansa, ba wanda ya tursasa shi.

"Ashe gyaran ba wuya."

"Ba wuya."

Ta yi mini kallon nan na masu aikin asibiti, wanda suke yi in ka ce ba inda ke maka ciwo. Ba ta ƙara tambaya ba. Ta ce ita maganar ruwa ta rubuta, ba ta roƙi inji ba, kuma da ta san haka cikin yake da ta riƙe alƙalaminta. Na bar ta ta murɗa arba'in. Hannunta da nauyi, amma tana sauraren ƙarfe, wannan kuwa ba a koya wa mutum.

Da za mu sauka ta ce gwiwar nan tawa tana son a duba ta. Na ce gwiwata ba ta rubuta wa kwamiti ba.

Alhamis, 24 ga Janairu

Faan ya zo shan kofi da yamma, ya cinye mini busasshen burodi rabin gwangwani. Muna zaune a baranda ya ce, ba tare da ya kalle ni ba, "Krisjan, ka mayar wa mutane mintinsu. Mai shi ta gama amfani da shi."

Na ce wane mai shi?

"Kai, tsohon banza! Kai kaɗai ne a garin nan kake zaton sirri ne. Direban bas ma ya sani."

Na ajiye kofi. Na ce Magriet fa, ita ma ta sani?

Ya yi dariya har da tari. Wai na manta agogon babanta da take ɗaurawa? Tun makon farko ta gane. Ta gaya wa matarsa, ta ce kada wanda ya kuskura ya tanka mini, a bar ni, kowane namiji yana son ya ga akwai abin da shi kaɗai ya ƙulla.

Shekara talatin da huɗu ina shiga coci ina hura hanci, ita tana gefena tana kallon gabanta kamar ba ta san komai ba. Na rasa ko kunya nake ji ko daɗi. Kewarta dai ta kama ni sosai, har na ƙyale Faan ya tafi da sauran burodin.

Asabar, 26 ga Janairu

Ba ranar hawa ba ce. Na hau. Na ɗora kwabo ɗaya.

Talata, 29 ga Janairu

Saura minti huɗu. Faan ya ce ana yi masa satar safiya kaɗan-kaɗan, zakaransa ma ya rikice. Thandeka ta aiko da man shafawa don gwiwa. Wari kamar me, amma yana aiki. Ba zan gaya mata ba.

Asabar, 2 ga Fabrairu

Na hau kafin sha biyu. Thandeka ta tsaya a ƙasa da wayarta, Faan a gefenta hannu a ƙugu, yana fatan a ji kunya. Ƙararrawa ta buga, ta ɗaga hularta sama. Daidai. Na ɗauke kwabon na mayar gwangwani, na ɗan zauna a kan matakala kafin in sauko.

Fasto ya ce mabuɗi yana nan hannuna, maganar inji ta mutu. Na ba Thandeka mabuɗi na biyu. Saboda gwiwa ne kawai.

Lahadi, 3 ga Fabrairu

Na makara.

Ban san yadda aka yi ba. Na yi aski, na ɗaura lakataya a wuya, na wanke kofi yadda na saba, ƙafafuna dai suna kan tsohon lokaci. Ina rufe ƙofar shinge ƙararrawa ta buga, titi ba kowa.

Ban taɓa bin hanyar nan ni kaɗai ran Lahadi ba. Kullum ni ne na farko, ni ke buɗe ƙofa. Yau garin shiru, sai ruwa na gudu a magudana, ƙamshin ɓaure ko'ina, karen wani kwance a tsakiyar titi. Daga wajen gidan waya aka fara jin waƙar farko tana fitowa ta tagogi. Daga ciki muryar matar Faan kawai ake ji tana danne kowa. Daga waje kuwa kamar mutum ɗaya ne ke rerawa, a hankali. Na tsaya ƙarƙashin itacen rumman na Magriet, wanda take cewa nan takalmi ke matsa mata. Ba abin da ke matsa mini, na tsaya.

Ashe ba makara take yi ba, tsayawa take a nan ta ji waƙar daga waje. Abin da na raba ta da shi ke nan, ta kuma bar ni ina murna.

Da na shiga matan layin gaba suka juyo. Su ne dai, wuya ne kawai ya yi musu tauri. Thandeka ta matsa mini a bencin baya, ta nuna wuyana da ido, wai lakataya ta karkace. Na bar ta a haka.

Mako mai zuwa zan fito da wuri. Wataƙila.