Hular Walda Don Idon Bello

Daren Asabar, Unguwar Rogo

Alhamdu lillahi, matar ɗana Bello ta sauka lafiya. Da aka miƙo mini jikata na ce, "Amaryata, kin iso?" Mata suka yi ta dariya. Bello ya sunkuyo da jajayen idanu yana ƙifce-ƙifce, ya ce, "Baba, da wa ta yi kama? Ban gani da kyau."

Haka Malam Isa, wanda ya koya mini walda, ya fara. A ƙarshe da yatsu yake laluben fuskokin jikokinsa.

Na san abin da yaron nan ke yi. Ƙofofin kwano marar kauri yake haɗawa, dole ya rage wuta kada ya huda su. Da ƙaramar wuta baƙin gilashin hularmu ba ya nuna komai, sai ya ɗage ta ya yi da ido tsirara. In raɗaɗi ya taso ya ɗiga madarar gwangwani, wai ya warke.

Bayan la'asar na je shagon kayan walda a Gidan Igwai, mai shagon ya nuna mini hula mai maɓallin rage duhu. Ban tsaya ga bakinsa ba. Na sa mai waldar gefensa ya rage wuta, na gwada a guntun kwano, na ga narkewar ƙarfen sarai. Na saya.

Ga ta nan gefen katifata, gobe kafin ya taɓa inji zan sa mishi ita. Ya Allah ka bar mishi idon ganin ɗiyarsa. Ni dai in na rufe nawa, yatsun Malam Isa nake gani.