Na San Inda Ake Dannawa, Amma Ban Durƙusa Ba

Zuwa ga Mai Girma Babban Likitan Gundumarmu,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da aiki, ranka ya daɗe. Ni ɗaliba ce daga wani ƙauye tsakanin Buza da Madawa. Ko a aji ba na ɗaga hannu, don haka ka yi haƙuri in maganar ta zo a karkace.

Na farko, laifina. Bara wani ma'aikacinku ya zo lakwal ɗinmu, wato makarantarmu, da mutum-mutumin roba, ya nuna yadda ake danna ƙirjin wanda zuciyarsa ta tsaya. Ina can baya, littafin soyayya a ƙarƙashin tebur, ina ɗago kai jefi-jefi. Abin da ya shiga kunnena kaɗan ne: hannu bisa hannu, tsakiyar ƙirji, da ƙarfi, da sauri, ba tsayawa.

Lokacin cirar albasa, Kawu Illa, ƙanen innata, ya yanke jiki ya faɗi a garkarsa. Ina wurin, ni na kai wa masu aikin fura. Maza suka kewaye shi, wani na masa fifita da malfa, wani ya fasa albasa ya kanga masa a hanci. Na duba, ƙirjinsa ba ya motsi. Wallahi na san abin da ya kamata. Amma ta yaya ɗiya kamata za ta ratsa dattawa, ta durƙusa kan kawunta, ta buɗe masa riga? A gidanmu ko idonsa ba na kallo. Sai na ɗauki buta na yayyafa masa ruwa, yadda ake yi a littattafaina in an suma, mutum ya buɗe ido ya tambayi inda yake. Kawu bai buɗe ba. Kafin amalanke ta kai shi likita, rai ya yi halinsa.

Na biyu, naku. Darasin nan da Faransanci aka yi shi, sau ɗaya, cikin sauri. Da aka ce a fito a gwada, maza kaɗai suka fito. Mu muka sunkuyar da kai muna dariyar kunya, ma'aikacin ya ce a ƙyale mu. Da bai ƙyale mu ba. Hannuna bai taɓa sanin nauyin da ake sa wa ba, shi ya sa tsoron karya wa Kawu ƙashi ya haɗu da kunyar. Na'urar nan kuma da ma'aikacin ya ce tana ba zuciya wutar lantarki ta dawo daidai, a hoto muka gan ta. Har yau ban san ko akwai ta kusa da mu ba, balle wanda zai iya aiki da ita.

Na uku, dattawan da ke wurin ba mugunta suka yi ba. Ba wanda ya taɓa gaya musu. Na san ajali ba ya wuce ranarsa, kuma wata ungozoma ta ce mini ko an danna ba lallai ya tashi ba. Amma ta ce da an ba shi dama, kuma wannan maganar ce ke hana ni sukuni.

Roƙona: a dawo da darasin da Hausa, a lakwal da kasuwa da garake. A turo mace ta koya mana mu kaɗai, kowa sai ta danna da hannunta. A roƙi limamai su faɗa a fili cewa ceton rai ba rashin kunya ba ne. A sanar da mu inda na'urar take.

Innata har yanzu shi mini albarka take, wai ni na yi wa ƙanenta hidimar ƙarshe. Ban iya gaya mata gaskiyar a baki ba. In ka sa an karanta wasiƙar nan a rediyo, daga nan za ta ji.

Allah ya ƙara maka lafiya da basira, ya jiƙan Kawu, ni kuma ya yafe mini.

Wassalam.

Ɗiyarka daga Adar